Kofi Mai Jan Ɗigo

A gidan Yayata akwai wani kofin gilashi da aka ɗiga wa jan fentin farce a gindi. Nawa ne. Shekara ashirin da huɗu, duk ranar da na je gidan a cikinsa ake ba ni ruwa, in na shanye sai in ga ɗigon ta ciki yana kallona. Kafin in kai bakin ƙofa kuwa zan ji tsulum, an jefa shi cikin bokitin bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba a ɓoye take yi ba. Yaya ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, in tana ƙyamar mutum, hancinta ne ke fara faɗa masa kafin bakinta.

Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari, ita babba, ni auta, tsakaninmu shekara tara. Mutanen layinsu suna kiranta Tas-tas, don ba ta da magana sai a wanke kaza tas, a goge kaza tas. Ni kuwa sunan da ta laƙaba mini tun ina rarrafe shi ne Ƙazama, har na fara furfura bai sake ni ba. Sana'ata ta ƙara ba ta hujja. Rainon shuke-shuke nake yi a bakin titi, furanni da ƙananan itatuwa a cikin baƙaƙen ledoji, wuni nake ina cuɗa ƙasa da takin shanu da hannuna. Ina wanke hannu da sabulu kamar kowa, amma ƙarƙashin farcena bai taɓa yin fari ƙal ba, ko ranar aurena.

Ba zan zalunce ta ba, ƙyamar Yaya tana da asali. Tana 'yar shekara goma sha uku amai da gudawa suka kwantar da mahaifiyarmu, kwana uku kacal Umma ta ce ga garinku nan. Babu wata babbar mace a gidan. Yaya ce ta riƙa kwashewa, ita ta wanke zannuwa, ita ta goge ƙasa. Ni ban tuna komai ba sai warin ɗakin, da kuma Yaya tsugune a bakin famfo tana dirzar hannuwanta da soso har fatar ta tsage. Tun daga ranar ta ɗaura yaƙi da duk abin da ido ba ya gani.

Da ta girma ta sami aikin shara da goge-goge a wani babban asibiti, ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata. Can kam ta sami wurin da ya dace da ita. Bokiti uku take aiki da su: ja na banɗaki, shuɗi na ƙasan ɗaki, kore na teburan gefen gado, kuma tsumman wannan bokiti ba ya taɓa leƙa wancan. Daga sama take farawa ta gangaro ƙasa, daga wuri mai tsafta ta nufi mai datti, ba ta komawa baya. Nas-nas suna shakkarta. Akwai ranar da ta tare wani babban likita da sandar mofa, abin goge ƙasa, a ƙofar ɗaki, ta ce bai wanke hannu ba, kuma bawan Allah ya koma ya wanke. A ɗakinta ba kasafai ɗinkin mutum ke yin ruwa ba. Wannan kowa ya shaida mata, ni ma na shaida.

Inda ta tafka kuskure shi ne da ta kwaso asibitin ta kawo shi gida, ta kuma wuce da shi har cikin cikin mutane.

A wurin aikinsu, ƙarshen kowane wata akwai babban wanki, a janye gadaje, a wanke bango, a bi kowane lungu da bilic. To Yaya sai ta ce ai ciki ma ɗaki ne, kuma duk cikin ɗakuna babu wanda ya kai shi datti. Tana da wani babban gwangwanin madara a kan firij, cike da kafso, irin maganin kashe ƙwayoyin cutar nan da likita ke rubutawa in ciwo ya yi tsanani. Wasu ragowar majinyata ne da aka sallama suka manta, wasu na maƙwabta ne, wasu ta sayo a kanti ba tare da takardar likita ba. Ja da baƙi, kore da fari, duk a haɗe. Ƙarshen wata na yi za ta jera mu a tsakar falo, mijinta direban babbar mota in yana gari, 'yarta ta fari, ɗanta Dogo, da ni, don a hannunta na tashi. Biyu da safe, biyu da yamma, kwana uku. Wai wankin ciki ke nan.

Ni dai tun farko abin bai kwanta mini ba, don ina haɗiyewa zan ji bakina kamar na tsotsi tsohon ƙarfe. Sai in maƙale shi a ƙarƙashin harshe, in ta juya in je in binne a tukunyar furen da ke bayan ƙofa. Da na yi aure na daina wahalar ɓoyewa. Ta miƙo mini, na ce, "Yaya, lafiyata lau, ba zan sha ba." Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi farcena, ta ce, "To cikinki ya zama juji, ke kika sani. Amma ba za ki shafa wa 'ya'yana ba." Ranar ta ɗauko fentin farce ta ɗiga wa kofin.

Ita kanta ba ta tsaya a na ƙarshen wata ba. Mura, kafso. Ciwon kai, kafso. Ta gaisa da mutane da yawa a wurin taro, ta dawo ta sha biyu don rigakafi. Abincinta ma haka ta bi shi da shara. Ɗanyen ganye ba ya shiga bakinta, wai ƙasa ta taɓa shi. Wake ta kore shi daga gidan, wai yana sa tusa, tusa kuwa shaidar ƙazanta ce. Kayan marmari sai an fere an tsoma a tafasasshen ruwa har sun mutu. Farar shinkafa, farin burodi, shayi, shi ke nan. In na ce mata, "Yaya, wannan ai abincin majinyata ne," sai ta ce gara shi da abincin awaki irin nawa.

Ciwon ya fara ne tana da shekara hamsin da 'yan kai. Haƙori ya kumbura mata, likita ya rubuta magani mai ƙarfi na mako guda, ita kuma ta ƙara da nata na gwangwani har mako uku, don a cewarta likitocin yanzu ba sa wanke abu ya fita. Sai ciki ya fara murɗawa. Sai gudawa, sau biyar a wuni, sau goma, har ta daina ƙirgawa. Ta ɓoye wa kowa wata biyu cur. Me kuma take yi wa kanta? Kafso mana! A ganinta datti ne ya taru, sai a ƙara wanki.

Yadda ta bar aiki, daga baya ta ba ni labari, fuskarta a bango. Da hantsi ne, tana goge tsakiyar ɗakin majinyata, abin ya zo mata babu sallama. Kafin ta ajiye mofa ya gangaro ta ƙafarta har kan tayil ɗin da ta gama gogewa. Mutum goma sha biyu ne a kwance a ɗakin, wasu da masu jinyarsu. Ta ɗauko jan bokiti ta kwashe, ta bi wurin da bilic sau uku, ta sauya ruwa, ta ƙarasa ɗakin har ƙofa. Sannan ta cire rigar aiki ta ƙulle a leda, ta fita, ba ta sake komawa ba.

'Yarta ta fari ce ta kira ni. Malamar makaranta ce yanzu, Malama muke ce mata, ta yi aure da 'ya'ya biyu. Ta ce, "Inna, ki zo, Mama ta faɗi a banɗaki." Da na shiga ɗakin, wallahi sai da na ja da baya. Ni da nake wuni cikin takin shanu, ban taɓa jin wari irin wannan ba, wani ɗoyi mai zaƙi-zaƙi da ke maƙalewa a maƙogwaro, ya haɗu da warin bilic da turaren fesawa. Yaya na kwance ta zama rabinta, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Duk da haka da na kai hannu zan ɗaga ta, sai da ta ce, "Kin wanke hannu?"

A wani asibiti daban muka kai ta, don ta ce gara ta mutu a hanya da a kai ta inda aka san ta. Aka yi ƙarin ruwa, aka gwada bayan gida. Likitar wata gajeriyar mata ce mai wushirya, in tana magana hannuwanta ba sa zama. Ta tambayi irin magungunan da Yaya ke sha, Malama ta ba ta labarin gwangwani da alfahari, kamar tana jiran a yaba. Likitar ta ajiye biro ta riƙe kai.

Ta ce, "Baba, hanjin mutum ba ɗaki ba ne da za a wanke a bar shi wayam. Akwai ƙananan halittu a ciki da ba sa ƙirguwa, tun muna jarirai muke tare da su. Su ke taya mu narka abinci, musamman ganye da wake da kike gudu, su ke ciyar da bangon hanji, su kuma ke tsare wuri kada mugu ya samu inda zai zauna. Kafso bai san na gida da baƙo ba, duk wanda ya samu kashewa yake. Kin yi shekaru kina kashe masu gadi. Yanzu akwai wata muguwar ƙwaya da ke ɓuya cikin ɓawo magani ya wuce ta, ta fito ta tarar babu kowa, ta mamaye wurin, tana zuba guba a hanjinki."

Yaya ta ce, "Wato ƙwayoyin cuta ne a cikina."

"Da can masu amfani ne suka fi yawa. Yanzu kusan ita kaɗai ce."

Ni take na gane, don na sha gani a wurin aikina. In ka feshe fili da maganin ciyawa ya zama ƙasa tsirara, ciyawar da ta fi kowace mugunta ce ke fara fitowa. Na buɗe baki zan faɗa, Yaya ta watsa mini harara, na haɗiye.

Aka ba ta wani magani na musamman da ke kashe wannan ƙwayar. Ta samu sauƙi, muka yi hamdala. Bayan mako biyu da gamawa, gudawa ta dawo. Aka sake, ta sake dawowa. Sau huɗu ana haka cikin wata bakwai, kowane zuwa yana tafiya da wani abu nata. Zobenta ya daina zama a yatsa. Ƙafafu suka fara kumburi. A karo na huɗu likitar ta tara mu a ofis, da Yaya a keken guragu, ta ce jikin ba zai ɗauki irin wannan sau da yawa nan gaba ba, kuma akwai hanya guda da ta rage wadda take yi wa mutane da yawa aiki.

Ta ce za a samo mai lafiyayyen ciki, a gwada jininsa da bayan gidansa a tabbatar babu wata cuta. Sannan a karɓi bayan gidan nasa, a dama da ruwan gishiri na asibiti, a tace, a zura ta siririn tiyo a zuba cikin hanjin Yaya, don masu gadin su koma su zauna.

Dogo ya miƙe ya fita yana toshe baki. Malama ta ce, "A'uzubillahi! Likita, kashin wani? A cikin Mama?" Yaya kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ku mai da ni gida. Shekara ashirin da shida ina kwashe shi daga ƙasa, ba za a ɗura mini shi a ciki ba."

Likitar ba ta yi fushi ba, ta ce a dai duba ko akwai wanda ya dace, ko da za ta sauya ra'ayi. Sharaɗi na farko, kada mutum ya kasance ya sha irin wannan kafso a 'yan watannin nan. Ta dubi Malama. Malama ta sunkuyar da kai, ashe har yanzu tana wankin ƙarshen wata, har da 'ya'yanta take jerawa, ita ma cikinta kullum a kumbure yake. Aka kira Dogo, shi ma makon jiya ya sha. Mijin Yaya ga ciwon sukari ga tsufa. Duk gidan da ta wanke tas babu mutum ɗaya da zai yi amfani. Sai likitar ta juyo kaina.

"Ke fa, Baba?"

Na ce, "Rabona da kafso tun haihuwar autana, yau shekara goma sha ɗaya."

"Me kike ci?"

"Abincin awaki," na ce, ina kallon Yaya.

Aka ɗebi jinina, aka ba ni 'yar roba in kawo abin gwaji. Bayan kwana goma sakamako ya fito, babu abin da aka samu. Da aka faɗa wa Yaya sai ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce, "Na Ƙazama? Duk duniya a rasa na wanda za a zuba mini sai na Ƙazama? Allah ya kiyaye. Gara in mutu da tsaftata." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Wace tsafta, Yaya? Wadda nake wankewa a zanin gadonki kullum?" Na san na yi mugunta, amma ban janye ba, ita ma ba ta sake kallona ba ranar.

Gaskiya ce kuma, ni ke wankin. Malama ta dawo gidan da sunan jinya, amma ai Tas-tas ce ta haife ta kuma ta rene ta. Safar hannu biyu take sawa, da takunkumi, da wani gyale a kan takunkumin. Abinci a bakin ƙofa take ajiyewa ta tura da ƙafa. Jikoki an hana su shiga, daga taga suke gaida kakarsu. Likita ta faɗa ƙarara cewa abin da ake bukata shi ne wanke hannu da sabulu da ruwa, da bin banɗaki da bilic, kwanuka kuwa wankin yau da kullum ya ishe su. Ina! Malama ta ji ne kawai.

Don haka kowace safiya in na gama ban ruwa sai in hau mota in zo. In ɗaga Yaya, in cire ledar katifa, in naɗe zanin, in kai bayan gida wurin tankin ruwa. Ba zan yi ƙarya in ce zumunci ya toshe mini hanci ba. Ruwa-ruwa ne, kore-kore, da majina a ciki, yana bin zare ya shige, sai an ɗauraye sau uku kafin a sa sabulu. Sau da yawa sai na yi amai a gindin tankin sannan in ci gaba. Warin yana bina har gida, yana cikin gashina, mijina ya daina tambaya ya koma cin abinci a waje kafin in dawo. Ina wanki ina zaginta a zuciya, ina zagin gwangwanin, ina zagin taurin kanta. In na koma ɗaki na ga yadda ƙashin kafaɗarta ya fito sai kuma hawaye su zubo mini, in ce hayaƙin bilic ne.

Wata ranar Laraba da azahar na dawo daga shanya ban same ta a gado ba. Na duba banɗaki babu kowa. A kicin na same ta, zaune a ƙasa ta jingina da firij, tana haki. Ƙishirwa ce ta dame ta, ta yi kira ba wanda ya ji, ta rarrafo da kanta. Idonta na kan kantar kwanuka. A can gefe, an shimfiɗa tsohuwar jarida, an kife kofuna biyu nesa da sauran. Iri ɗaya ne sak, daga saiti ɗaya suka fito. Kowanne da jan ɗigo a gindi.

Malama ta shigo da gudu tana gyara takunkumi. Yaya ta nuna kantar da haɓa, ta ce, "Wancan na biyun na wane ne?"

Malama ta ce, "Naki ne, Mama. Saboda yara. Ai ke kika koya mana."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Da gaske take, kamar ɗalibar da ta kawo amsar da aka koya mata. Yaya ta ce, "Je ki." Ta fita. Muka zauna mu biyu a ƙasan kicin, ni hannuna na warin sabulu da abin da sabulun bai gama fitarwa ba.

Can ta ce, "Auta." Rabon da ta kira ni haka har na manta. "Haka ake ji?"

Na ce, "Haka ake ji."

"Shekara ashirin?"

"Da huɗu."

Ta rufe ido. Na ɗauka kuka za ta yi, amma Yaya ba ta kuka a gaban mutane. Ta ce, "Da Umma ta kwanta, in na kwashe sai ta kau da kai, ta ce yi haƙuri 'yata. Ni kuma in yi ta yamutsa fuska. Fuskar da ta gani ta ƙarshe ke nan." Ta dube ni. "Ke ban taɓa ganin kin yamutsa ba."

Na ce, "A bayan tanki nake yi. Je ki duba, ciyawar wurin har ta yi kore."

Ta yi 'yar dariya har cikin ya murɗa mata, ta riƙe shi. Da ya lafa ta ce, "Ki je ki gaya wa likitar nan na yarda. Amma kada wanda ya ji a layin nan."

Na ce, "Ikon Allah. Na yi zaton wata rana za ki nemi wani abu a wurina, amma ban taɓa kawo wannan ba."

Ranar da aka sa, tun da safe aka shiga da ita aka shirya ta, ni kuma aka ba ni roba mai murfi aka nuna mini banɗaki. To ga abin haushi. Ni da ko agogo bai fi cikina cika alkawari ba, ranar sai ya ce bai san zance ba. Na zauna, na tashi, na sha ruwan ɗumi kofi uku, na zagaya farfajiya sau biyar. Nas ta ƙwanƙwasa ta ce, "Baba, ana jira fa." Na ce, "'Yar nan, ba famfo ba ne." Da Allah ya taimaka abin ya samu, na rufe robar, na sa a jakar takarda, na bi dogon barandar nan ina riƙe da ita da ɗuminta, ina kau da hanci, ina addu'a kada in haɗu da wanda ya san ni. A rayuwata ban taɓa ɗaukar abin da nake ƙyama kuma nake tsoron ya faɗi kamar wannan ba.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Da ta farfaɗo daga allurar barci sai ta juya fuskarta bango. Likitar ta ce ba alkawari ba ne, wasu sai an maimaita, a zuba ido wata biyu. Kwana na biyu gudawar ta ragu zuwa sau huɗu. Kwana na biyar na zo da safe na ɗaga bargo, zanin a bushe. Na tsaya ina kallonsa kamar wawiya. Bayan mako guda ta kira ni banɗaki da kanta, ta nuna mini cikin masai, ta ce, "Duba." Abu ne sosai, mai siffa, irin na mutane. Mata biyu masu furfura muka tsaya a kansa muna hamdala, ni ina toshe hanci.

Aka ce ta ci wake da ganye da kayan marmari, a hankali a hankali, kuma kada kafso ya sake shiga bakinta sai da takardar likita. Tana ci tana tsaki, amma tana ci. Gwangwanin kan firij da kanta ta ɗauka ta kai wa masu ba da magani a asibiti su zubar, ta kuma kira Malama ta ce in ta sake jin an jera mata jikoki ƙarshen wata, sai ta saɓa mata. Bilic dai yana nan, bokiti uku suna nan, wannan sai ranar da ta bar duniya.

Da wata biyu suka cika babu abin da ya dawo, ta aiko in zo. Na same ta a falo, kumatu sun fara cikowa. A kan tebur akwai butar shayi da kofi guda ɗaya, mai jan ɗigo. Malama na tsaye a bakin ƙofar kicin.

Yaya ta ce, "Ɗayan na fasa shi. Na rufe ido na ɗauka, ban san ko naki ne ya rage ko nawa ba."

Ta cika shi da shayi. Ta ɗaga, hancin nan nata ya tattare kamar yadda na san shi tun ina yarinya. Ta rufe ido ta sha rabi, na ga maƙogwaronta yana kokawa da shi. Sannan ta turo mini.

Na dubi bakin kofin, ga shatin leɓenta da ɗan yawu a jiki. Nan take warin zannuwan nan ya dawo mini, da kore-koren, da gindin tanki. Wallahi na ji ƙyama, ƙyama sosai, irin wadda ban taɓa zaton ina da ita ba. Na ɗago, Yaya na kallon fuskata ba ta ko ƙiftawa, tana jira ta ga ko zan yamutsa.

Ban juya kofin ba. Na sa bakina daidai inda ta sa nata, na shanye har jan ɗigon ya bayyana.